Kafin Ka Haɗa Kwamfuta, Fara Tambayar Wutar Gidanku

Wannan makon layi ya zo kaina, kuma na so in yi magana ne a kan gajerun labarai, sai wani ƙanena ya sauya mini akala.

Ɗan ƙanwar mahaifiyata ne. Ya sayar da shinkafar da ya noma a fadama, ya haɗa da kwasar adashi, ya same ni a shagon cajin waya yana ta rawar jiki. Ya miƙo mini wayarsa, sai ga bidiyon wani Bature a YouTube yana haɗa kwamfutar tebur da hannunsa: akwati mai gilashi, fankoki shida, fitilu kala-kala kamar motar amarya. Ya ce, "Yaya, mi ka gani? In sayi haɗaɗɗiya ko in sayo kayan in haɗa da kaina? Sun ce haɗin ya fi araha." Na ce masa, "Yaushe rabon gidanku da wuta ta kwana?" Ya yi dariya, ya ce ai ba wannan ya tambaye ni ba. Alhali kuwa ita ce tambayar tasa, bai dai gane ta ba ne.

Bari in fara yi wa masu haɗi adalci. A Amurka ko Ingila, wanda ya sayi furosesa daban, madabod daban, RAM daban, yana zaɓen abin da ransa yake so, ba ya biyan ladan haɗi, kuma bayan shekara uku zai iya cire abu ɗaya ya sa wanda ya fi shi. Idan wani ɓangare ya zo da matsala, ya mayar a ba shi wani ko a maido masa da kuɗinsa. Akwai kuma ilimi a ciki, domin wanda ya taɓa haɗa kwamfuta da hannunsa ba ya tsoron buɗe ta. Duk wannan gaskiya ne. Sai dai shawarar tana tsaye ne a kan duwatsun murhu uku da mai bidiyon bai ambata ba, don shi a wurinsa ba abin ambato ba ne: wutar da ba ta ɗaukewa, shagon da ke karɓar kaya idan sun ƙi aiki, da ɗaki mai sanyi marar ƙura. Mu a Gummi wanne muke da shi a ciki?

Mu ɗauki wuta, mu yi lissafi irin na 'yan firamare. Irin kwamfutar da ƙanena ya gani tana da katin hoto, wanda shi ne ke ɗaukar nauyin wasanni da tace bidiyo. Matsakaicin kati irin RTX 3060 shi kaɗai yana jan wat 170 idan aiki ya yi zafi. Ka haɗa da furosesa da fankoki da allon kallo, ka doshi wat 300. Batirin sola na gida mai bolt 12 da amfiya 100 yana ɗauke da kimanin wat 1,200 na awa ɗaya, kuma idan irin na da ne mai ruwa ko na jel, rabin wannan ake so ka ci in kana son ya yi ƙarko. Wato wat 600. Kwamfutar gilashi za ta shanye shi cikin awa biyu, kafin ma a cire abin da inbata ke ci. Laftof ɗin ofis kuwa cajarsa wat 45 ce ko 65, kuma idan rubutu kake yi bai kai rabin haka yake ja ba. Batirin nan guda zai riƙe shi daga safe har dare, ga kuma nasa batirin na ciki. Idan ka ce janareto za ka tayar, to ka tuna tun ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin mai, litar fetur ta daina zama abin da ake ƙonawa don nishaɗi.

Abin da ya fi cin wutar muni shi ne ɗaukewarta. Kwamfutar tebur ba ta da batir. Ana ɗauke wuta ta mutu nan take, da shafin da kake rubutawa da komai. Ana dawo da ita da ƙarfi kuma tana iya ƙona akwatin wutar ciki, wani lokaci ta tafi da madabod. Saboda haka dole ka ƙara kuɗin UPS da sitabilaiza a lissafinka, abin da ba ya cikin jadawalin farashin da ake nunawa a bidiyo. Ƙurar hunturu kuma ba ta san akwatin gilashi ba. Fankoki shida ƙofofi shida ne na zuƙo ta, sannan bazara ta zo da zafin da ke haura digiri 40 a inuwa.

Sai maganar sayen kayan. Furosesar Intel ba ta hawa madabod ɗin AMD. A cikin gidan AMD ɗin ma, mazaunin AM4 daban, na AM5 daban. RAM irin DDR4 ba ya shiga ramin DDR5 ko da za ka buga da guduma. Kowanne daga cikin waɗannan sai dai ka aika Kano ko kasuwar kwamfutoci ta Ikeja a Legas, ka tura kuɗi, a ɗoro maka a mota, ka zauna kana addu'ar hanya. Kaya bakwai daga hannun mutum uku ko huɗu. Ka haɗa, ka danna, shiru. Wanne ne bai da lafiya? Ba ka da wata furosesar da za ka gwada, ba ka da wani RAM ɗin aro, kuma kowane mai shago zai rantse nasa lafiya lau ya bar hannunsa. Cinikin biri a sama ke nan har sau bakwai. Ga shi duk da dala ake shigo da su, dalar da ta tashi daga kusan naira 460 a farashin gwamnati a watan Mayun 2023 ta haura 1,500 a 2024.

To kada wani ya ɗauka ina cewa a shiga shago a ɗauko duk haɗaɗɗiyar da aka gani. A nan ne ma aka fi yanka mu, kuma ni shaida ne.

Shekarar da na gama difloma, na tara ɗan abin da na samu a aikin buga takardu na tafi Sakkwato. Kalma ɗaya na riƙe a kaina: Core i7. An ce mini ita ce babba, i5 ƙanwarta, i3 kuwa auta. Mai shagon ya nuna mini tambarin a jikin laftof ɗin yana ƙyalli, ya ce, "Malam, wannan ai jirgi ce." Na biya ko tayi ban yi sosai ba, don gani nake na yi tsintuwa. Sai daga baya wani abokina ya buɗe ta ya karanta mini cikakken sunan: i7-2620M. Lambar farko bayan ɗan layin nan ita ce zubin furosesar, abin da 'yan kasuwa ke kira janareshon. Tawa zubi na 2 ce, ta shekarar 2011. Ina firamare aka ƙera ta. Ƙwaƙwalwar aiki biyu ke cikinta, alhali i5-8250U, "ƙanwar" da na raina, zubi na 8 ce ta 2017, mai ƙwaƙwalwa huɗu, ta fi tawa sauri nesa ba kusa ba kuma ba ta kai ta cin wuta ba. Wato na bar budurwa na auro kakarta saboda sunan gidansu.

Da abin ya tsaya nan da sauƙi. Ma'ajiyarta tsohon yayi ce, HDD, mai faifan ƙarfe da ke juyawa a ciki da allura tana karantawa. Wata rana ta zame daga kan benci, faɗuwar da ba ta kai kamu biyu ba. Na kunna, sai wani ƙas-ƙas-ƙas. Babi goma sha ɗaya na littafina na farko suna ciki, kuma ban ajiye su ko'ina ba. Wasunku a nan sun sha tambayata ina labarin nan da na fara sakin ɗanɗanonsa. To ga inda ya tafi. Na sake rubuta babi huɗu, amma muryar ba ta dawo ba, na bar shi.

Wannan maganar zubi yanzu ta wuce batun sauri kawai. Kamfanin Microsoft ya daina tallafa wa Windows 10 a ranar 14 ga Oktoban 2025, in ban da wani ƙarin wa'adi na gyaran tsaro ga waɗanda suka yi rajista. Windows 11 kuwa a ƙa'ida daga zubi na 8 na Intel take farawa. Sakamakon haka ofisoshin Turai da Amurka suna ta sauke tsofaffin kwamfutocinsu, kuma mun san inda irin wannan kaya ke ƙarewa. Akwai dabarar da ake yi a cusa Windows 11 a kan tsohuwar na'ura, don haka ganinta a allo ba hujja ba ce. Lambar furosesar za ka karanta. Daga zubi na 10 zuwa sama lambobi biyu ne na farko, misali i5-1135G7 zubi na 11 ce.

Akwai wani tarkon kuma, na sabuwa dal a kwali mai araha. Siririya, mai kyau, leda ba a ɓare ba. Ka duba ciki ka ga Celeron, RAM gig 4 da aka liƙe shi da madabod ba ya ciruwa, ma'ajiya gig 64 wadda Windows kaɗai za ta cinye kusan rabinta. Araha ba ta ado. Iyaye da yawa nan suke faɗawa idan za su saya wa yaro, saboda kalmar "sabuwa" tana kwantar da hankali.

Ra'ayina, kuma na san akwai masu ja: mutumin Gummi da ke son kwamfutar gida ya sayi haɗaɗɗiya ta gwanjo irin ta ofis, daga zubi na 8 zuwa sama, sannan ya yi ƙaramin haɗi da hannunsa. Ina nufin irin su HP EliteBook 840 G5, Dell Latitude 5490 ko Lenovo ThinkPad T480. An ƙera su ne don kamfanoni, a riƙa buɗewa ana gyarawa, kuma an yi su da yawan da ya sa cajarsu da batirinsu da allonsu ba sa wuyar samu a Kano ko Sakkwato. Ka kwance 'yan kusoshi, ka ƙara RAM ya kai gig 8, in da hali 16. Ka tabbatar ma'ajiyar SSD ce, wadda ba ta da faifai mai juyawa, ta ninka HDD sauri sau da yawa kuma ba ta tsoron girgizar hanya. Ka sa sabon batir idan na ciki ya gaji. Ilimin nan da ake kwaɗaita mana a haɗi ka same shi, ba tare da ka jefa kuɗin shinkafarka gaba ɗaya a caca ba.

Wanda kuma yake son ta girke a ɗaki don yara su koyi danne-danne, tunda JAMB ta koma jarrabawar kwamfuta gaba ɗaya tun 2015, akwai 'yan ƙananan na tebur irin Dell OptiPlex Micro da HP EliteDesk Mini. Girmansu bai wuce littafi mai kauri ba, caja irin ta laftof suke amfani da ita, ƙaramar sola tana ɗaukarsu. Yaro ya samu cikakken allon rubutu da linzami irin wanda zai tarar a ɗakin jarrabawa. Mu marubuta kuma, a nan ne za ka sa tsarin rubutun Hausa da ke cikin Windows ka huta da rubuta "kasa" alhali "ƙasa" kake nufi.

Ranar saye kada kunya ta hana ka zama a shagon rabin awa. Danna Ctrl da Shift da Esc tare, ka shiga Performance, za ka ga cikakken sunan furosesa da yawan RAM da irin ma'ajiyar. Ka buɗe Command Prompt ka rubuta powercfg /batteryreport, zai fito maka da abin da batirin yake ɗauka yana sabo da abin da yake ɗauka yau. Ka danna kowane harafi, ka gwada kowace ƙofar USB, ka shiga BIOS ka ga ko an kulle ta da kalmar sirri. Mai shagon da ya ɓata rai don kana wannan ya riga ya ba ka amsa.

Na yarda gwanjo gwanjo ne. Wani ya mora kafin kai, garantinsa bai wuce 'yan kwanaki ba, kuma akwai ɗacin cewa abin da wasu suka yar ne muke rububi. Na kuma yarda akwai waɗanda haɗin ya dace da su: mai tace bidiyon biki da fina-finai, mai shagon zane da ɗab'i da ke wuni a kan CorelDRAW da Photoshop. Wannan sana'arsa ce, katin hoton zai biya kuɗin kansa, kuma galibi ya riga ya kafa sola mai ƙarfi. Shi ma shawarata ya je Kano da ƙafarsa, a haɗa a gabansa, a kunna ta yi awa biyu tana aiki kafin ya ƙirga kuɗi.

Ƙanena dai ba ya cikin waɗannan. Da na matsa masa, abin da yake so shi ne koyon Excel, da zane-zanen katin biki, da kallon ƙwallo. Mun yi waya da wani da na sani, ranar Asabar za mu bi ta Kajiji mu shiga Sakkwato mu duba ThinkPad guda biyu, ragowar kuɗin kuma faranti ɗaya na sola da batir. Har yanzu yana ɗan kumbure-kumbure saboda fitilun nan. Na ce masa akwai igiyar fitila mai kala da ake sayarwa a shagon kayan lantarki, ni zan saya masa ya naɗa a ƙafar tebur. Sharaɗina ɗaya, ranar da aka kunna ta, kafin ya sa ko waƙa ɗaya, sai ya buɗe Google Drive a gabana.