Tsohuwar mota: a duba takarda kafin a buɗe bonet

Ma'aikacin gwamnatin tarayya da ke kwana a Kubwa, Mararaba ko Suleja ya san cewa mota ba abin alfahari ba ce, ƙafarsa ce ta zuwa ofis. Tun da aka janye tallafin man fetur a ranar 29 ga Mayun 2023, darajar naira kuma ta faɗi, sabuwar mota ta fi ƙarfin mai albashi, har ma 'yar Beljiyam ta zama sai wane da wane. Kasuwa ta koma ga motocin da aka riga aka mora a cikin gida, waɗanda suka ratsa hannu biyu ko uku. Ra'ayin wannan jarida shi ne, a irin wannan ciniki takarda ta fi inji haɗari, domin inji yana gyaruwa a Apo, amma motar da asalinta bai tabbata ba ana iya rasa ta ɗungurungum.

Yawancin larurorin tsohuwar mota sanannu ne. Idan inji yana zafi a cunkoson Nyanya, a fara duba lagireto da fanka da famfon ruwa. Al'adar wasu makanikai ta cire tamostat ba magani ba ce: tana ɓoye ciwon, tana ƙara shan mai. Zuba ruwan famfo zalla kuma yana kawo tsatsa. Farin hayaƙi mai kauri daga salansa, ko baƙin mai da ya koma launin shayi da madara, alamar gasket ɗin kan inji ya ƙone ne. Giyar da ke fizga ko jinkirin shiga takan samo asali daga man giya da ya tsufa ko wanda bai dace da motar ba. An san Toyota Camry ta 2007 zuwa 2009 mai inji 2.4 da shan baƙin mai, don haka mai ita ya riƙa duba ma'auni kowane mako.

Fitilar gargaɗin inji kuwa ba a kashe ta da cire ƙwai. Duk motar da aka ƙera don kasuwar Amurka daga 1996 tana da mahaɗar da ake jona na'urar gwaji, ta faɗi inda matsalar take. Mai saye ya tabbata fitilar tana kamawa idan an murɗa makulli, ta mutu bayan inji ya tashi. Ya ɗaga kafet, ya leƙa ƙarƙashin kujera, domin laka da tsatsa a wurin shaidar ambaliya ce, kuma wayoyin motar da ta sha ruwa ba sa daina ba da wahala.

Duk wannan kuɗi ne ke warware shi. Batun mallaka ya fi haka nauyi. Kowace mota tana da lambar shasi mai haruffa da alƙaluma 17, kuma dole wadda ke ƙasan gilashin gaba ta yi daidai da ta jikin ƙofa da ta kowace takarda. Tun 1 ga Janairun 2017 aka hana shigo da motoci ta iyakokin ƙasa, saboda haka motar da aka ce ta biyo ta Kwatano bayan wannan rana tana buƙatar bincike. Kwastam na iya kama motar da ba a biya mata kuɗin fito ba, ko da a hannun mai saye na uku take. A kai takardar fiton ofishinsu a tantance kafin a biya ko kobo. Motar gwanjon gwamnati, wadda hadiman manya suka fi cin karo da ita, sai da takardar gwanjo da rasidin biya. Kalmar maigida ba ta isa hujja ba.

Bayan ciniki, a rubuta yarjejeniya da shaidu, a je ofishin rajistar motoci da ke Mabushi a sauya suna. Barin sunan tsohon mai ita sakaci ne da ke cutar kowa: idan aka aikata laifi da motar shi za a nema, idan ya rasu magada na iya tasowa da da'awa. Inshorar ɓangare na uku ta koma naira 15,000 tun Janairun 2023, kuma duk wadda aka sayar ƙasa da haka a bakin titi abar tuhuma ce.

Sai dai bai kamata nauyin ya tsaya kan mai saye kaɗai ba. Kwastam, Hukumar Kiyaye Haɗurra, 'yan sanda da ofisoshin rajista kowa yana riƙe da nasa kundin, ɗan ƙasa ne ke yawo tsakaninsu, 'yan damfara kuma a wannan giɓin suke kiwo. Muna kira ga gwamnati ta haɗa bayanan wuri guda, yadda da lambar shasi kaɗai mutum zai ga fito, rajista, inshora da rahoton sata a wayarsa. Da yawa daga masu karanta wannan shafi su ne ke rubuta takardun da ministoci ke sa wa hannu, su ne kuma ke sayen waɗannan motoci da bashin ƙungiyar adashe. Gyaran yana kan teburinsu. Kafin ya zo, kowa ya tuna cewa araha ba ta ado, sayen nagari kuma mayar da kuɗi gida ne.