Hanyar Gida Tun Ana Kan Aiki Ake Share Ta

Kwanakin baya aikin jarida ya kai ni Shagari. A tashar mota ta Sakkwato Allah ya haɗa ni kujera ɗaya da wani dattijo mai rungume da jakar takardu, wadda ya ƙi yarda yaron mota ya sa masa a but. Sai da muka wuce filin jirgin sama, muka doshi Boɗinga, sannan hira ta haɗa mu. Ashe tsohon ma'aikaci ne, ya yi wa gwamnati aiki shekara 35, kuma wannan ne zuwansa birni na uku a kan maganar fanshonsa. Na ce masa, "Baba, ai ka huta tun da ka koma gida." Ya yi shiru jim kaɗan, sa'an nan ya amsa mini da harshensa na Sakkwatanci: "Ɗana, gidan shina nan inda nib bar shi, mutanen da nis sani su ab babu."

Maganar nan ita ta sa na ɗauki alƙalami, domin ta shafi kowane ma'aikaci da ke karanta jaridar nan a ofis, ta kuma shafi ɗalibin da ke ɗokin samun takardar ɗaukar aiki. Ƙa'idar aikin gwamnati a fili take: in ban da wasu rukunoni kamar malamai da alƙalai, mutum yana ajiye aiki idan ya cika shekara 60 da haihuwa ko 35 yana aiki, duk wadda ta riga zuwa. Ke nan tun ranar da aka buɗe wa ma'aikaci fayil ya san ranar da za a rufe shi. Wani lokaci ma ba a jiran ranar, kamar yadda ya faru a 1975, sa'ad da gwamnatin Janar Murtala Muhammed ta sallami dubban ma'aikata nan take. Duk da haka ritaya tana riskar yawancinmu kamar ruwan bazara, ba mu gyara rufi ba. Sai ka ga dattijo ya fita daga gidan gwamnati ya kama haya a bayan gari, yana raba ɗan fanshon tsakanin mai gida da mai awo, alhali a garinsu akwai kangon mahaifinsa da gonar gado.

Ra'ayina shi ne, mafi alheri ga mai ritaya da kuma ƙasa ya koma garinsu, musamman irin garuruwan nan na Boɗinga da Shagari waɗanda ba su kai tafiyar awa guda daga Sakkwato ba. Amma komawar ba ta yiwuwa ga wanda bai riƙa taka hanyar ba tun yana kan aiki.

Mu dubi hanyar kanta. Ita ce wadda ta tashi daga Sakkwato ta ratsa Boɗinga da Shagari da Tambuwal, ta faɗa Jega a Jihar Kebbi, ta miƙa Yawuri da Kwantagora har Ilori da Legas. Ta nan dabbobi da albasa ke gangarawa kudu, ta nan kuma 'ya'yan ƙasar nan masu ilmin zamani suka yi ta ficewa tun zamanin En'e. Abin lura, a dā ilmi a waɗannan garuruwa yake zaune, mutanen nesa ke yin tattaki su same shi. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ya zauna a Sifawa, wadda ke ƙasar Boɗinga, yana karantarwa yana wallafa littattafai, kafin ya koma Sakkwato a 1815, ƙanensa Malam Abdullahi kuma ya zauna a Boɗinga kafin ya tare a Gwandu. Yau kuwa ƙauye ke haihuwa ya yi reno, birni ya ci moriyar, sa'an nan in an yi sa'a a maido wa ƙauye gawa.

Garin Shagari yana da misalin da ya fi kowane kusa. A nan aka haifi Alhaji Shehu Shagari a 1925. Ya yi elementare a Yabo, ya yi Midil a Sakkwato, ya wuce Kwalejin Kaduna, ya dawo ya yi koyarwa har ya zama hedimasta a Argungu. A 1954 aka zaɓe shi ɗan Majalisar Wakilai a Legas, daga baya ya riƙe ministoci daban-daban. Da sojoji suka kifar da gwamnati a watan Janairu na 1966, gida ya nufa, ya kama noma, ya kuma shiga aikin tara gudunmawar gina makarantu a Lardin Sakkwato. Ya zama Shugaban Ƙasa ranar 1 ga Oktoba 1979, aka hamɓarar da shi ranar 31 ga Disamba 1983, aka tsare shi har 1986, sa'an nan aka taƙaita shi a garinsu. Mai karatu zai ce, to ai wannan komawar tilas ce. Gaskiya ne, ban musa ba. Sai dai tilas ɗin ta tarar da shi yana da gida da gona da mutane a can, saboda bai taɓa yanke ƙafa ba. Da wani ne cikin manyanmu na yanzu aka ce kada ya fita daga ƙauyensu, da sai an nema masa masauki a gidan hakimi. Da Turakin Sakkwato ya rasu a Abuja ranar 28 ga Disamba 2018, a Shagari aka binne shi washegari.

To, mu fa yaya ziyararmu take? Kowa ya san ta. Ranar Salla bayan la'asar mota ta tsaya a ƙofar gida, a shiga a gaida tsohuwa, a raba wa yara sababbin kuɗi, kafin injin ya huce an ce za a koma saboda dare. 'Ya'yan da aka zo da su ba su san wace ce goggo wace ce inna ba, suna tsaye a jikin mota kamar 'yan yawon buɗe ido, ba sa shan ruwan randa. In an yi rasuwa a buga waya, in an yi haihuwa a tura kuɗi ta banki. Hutun shekara kuwa, wanda tun asali aka haɗa shi da kuɗin hutu domin ma'aikaci ya samu na motar zuwa ganin gida, a birni ake cinye shi. Gonar gado an bar wa ƙanne, sun yi shekara 30 suna kai mata taki a kan jaki, suna biyan duk abin da ya taso. Ran da mai ritaya ya dawo ya ce a nuna masa iyakar rabonsa, ran nan ake fara zuwa gaban alƙali. Ba na ganin laifin ƙannen nan sosai. Hausawa da suka ce zumunta a ƙafa take ba su ce a aljihu ba, kuma wanda bai zauna zaman makokin kowa ba, bai kamata ya yi mamaki ba idan ya shimfiɗa tabarma a zaure ya ga ba mai sallama.

Akwai hujjojin da ake kawowa na ƙin komawa, kuma ba duka ne na banza ba. Uwargida da ta saba da famfo da lantarki tana da bakin magana. Tsoho mai hawan jini ko ciwon suga yana son ya kwana kusa da likita, ga shi kuwa babban asibiti, wato Asibitin Koyarwa na Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, a Sakkwato yake. Ga kuma fitinar 'yan bindiga, wadda ta tagayyara ƙasashen Isa da Sabon Birni a gabashin jiha, ta sa kowa shakkar kwanan ƙauye da tafiyar dare. Wanda garinsu ke cikin wannan bala'i ba da shi nake ba. Amma game da ruwa da asibiti da makaranta, sai mu tambayi kanmu dalilin da ya sa suka lalace. Wani ɓangare na dalilin shi ne, duk mutumin da ya san yadda ake rubuta takardar koke, ya san ofishin da ake kai ta, ya san wanda ake tsayawa a kansa har ya sa hannu, ya tattara ya bar garin.

A nan ne amfanin mai ritaya yake. Tsohon hedimasta guda ɗaya da ke zaune a gari ya isa ya sa malaman firamare su riƙa zuwa a kan lokaci, ko da bai ce uffan ba. Tsohuwar ungozomar asibiti ta san lokacin da naƙuda ta fi ƙarfin gida. Tsohon malamin gona yana da abin faɗa wa masu noman rani a bakin madatsar ruwan Shagari game da iri da maganin ƙwari. Tsohon akawu kuwa shi ne zai karanta allon ɗan kwangila, ya gane cewa aji shida aka biya, uku aka gina. Gwamnati ta kashe kuɗi ta horar da waɗannan mutane, abin takaici ne a ce ilminsu ya ƙare a benci a ƙofar wani kanti a birni.

Sai dai ita ma gwamnati tana da nata laifin, domin ita ke ɗaure tsofaffin ma'aikata a birni. Mutum ba ya gina ɗaki a ƙauye da garatutin da bai fito ba, kuma ba ya nisa da ofishin da fayil ɗinsa ke kwance. Tsarin Mulki na 1999, a sashe na 173 da na 210, ya ce a sake duba fansho duk shekara biyar, ko kuwa duk lokacin da aka gyara albashi, wanda ya riga zuwa. An ɗaga mafi ƙarancin albashi zuwa Naira 70,000 a 2024. Ya kamata kowace hukuma ta fito ta gaya wa tsofaffinta nawa ya hau kan nasu. Ga kuma tantancewa. Babu mai ƙin a tabbatar cewa mai karɓar fansho yana raye, amma tun da aka cire tallafin man fetur ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da Naira 200 har ta haura 1,000 a ƙarshen 2024, kuɗin mota ya bi ta. Wace hikima ce a ɗora mai shekara 70 a motar haya, a kan hanyar da tirela ke tsere da tanka, don kawai a ga fuskarsa? Boɗinga da Shagari kowace hedikwatar ƙaramar hukuma ce mai sakatariya. Jami'ai uku da na'ura ɗaya za su iya zuwa can su yini biyu su gama da kowa, wanda ke kwance kuma a bi shi gida.

Ɗalibai kuma, musamman 'ya'yan ma'aikata da aka haifa a birni, ina ba ku shawara ku nemi izinin iyayenku ku yi hutun damina ɗaya cur a garinku, ku riƙe fartanya, ku san sunayen dangi da iyakar gonaki tun masu nuna muku suna da rai.

Dattijon nan kafin Shagari ya sauka, a wata mararraba inda zai hau babur ya ƙarasa. Na riƙe masa jakar har ya daidaita zama. Ya ce an ce ya dawo bayan mako biyu, wai mai sa hannun ya yi tafiya.