Makomar Na'urorin Wasa Na Hannu A Zamanin Wayar Komai-Da-Ruwanka

A ranar 5 ga watan Yuni na shekarar 2025 kamfanin Nintendo na ƙasar Japan ya fitar da sabuwar na'urarsa ta wasannin bidiyo mai suna Switch 2, kuma cikin kwana huɗu kacal ya sayar da fiye da guda miliyan uku da rabi, kowace ɗaya a kan dala 450 a kasuwannin Amurka. Wannan ciniki ya sa masu sharhi da dama sun sake lale, domin an shafe fiye da shekara goma ana haƙa wa irin wannan na'ura kabari tun tana da sauran numfashi. Hujjar masu wannan hasashe a fili take: tun da kowa yana da waya a aljihunsa, kuma wayar tana ɗauke da dubban wasanni na kyauta, wane dalili zai sa mutum ya sake kashe kuɗi a kan wata na'ura da ba ta iya komai sai wasa? Tambayar tana da nauyi, kuma amsarta ta shafi aljihun iyaye da tarbiyyar yara har a nan gida, don haka ya dace mu bi ta daki-daki.

Shi dai Nintendo tsohon hannu ne a harkar wasa, domin an kafa shi a birnin Kyoto tun shekarar 1889 a matsayin mai buga katin wasa. A 1980 wani injiniyansa mai suna Gunpei Yokoi ya ƙirƙiro 'yar ƙaramar na'ura da ake kira Game & Watch, sannan a 1989 aka fitar da Game Boy, wadda ita ce uwar duk na'urorin hannu da suka biyo baya. Allonta ba shi da launi, kuma ba ta kai abokan gasarta ƙarfi ba. Kamfanin Sega ya fito da Game Gear mai launi a 1990, amma tana cinye batir shida cikin 'yan sa'o'i, alhali Game Boy tana daɗewa da batir huɗu, ga ta da araha. Da ita da ƙanwarta mai launi an sayar da fiye da miliyan 118. Darasin da Yokoi ya bari shi ne, da tsohuwar zuma ake magani: fasahar da ta riga ta yi araha, in aka sarrafa ta da basira, takan doke sabuwa mai tsada.

Kasuwar ta kai ƙololuwarta ne bayan 2004, shekarar da Nintendo ya fitar da DS mai allo biyu, Sony kuma ya fitar da PSP. An sayar da DS miliyan 154, PSP kuwa fiye da miliyan 76. Sirrin nasarar DS shi ne ta jawo mutanen da a da ba ruwansu da wasan bidiyo, kamar dattawa masu son wasa ƙwaƙwalwa da matan aure da ma'aikatan da ke zaman jiran jirgin ƙasa. To, waɗannan mutane su ne waya ta fara ɗaukewa.

Ba dare ɗaya waya ta yi wannan galaba ba. Tun 1997 kamfanin Nokia ya sanya wasan maciji a wayoyinsa, wasan da duk wanda ya riƙe waya a farkon zuwan GSM Nijeriya a 2001 zai iya tunawa. A 2003 Nokia ya yi yunƙurin haɗa waya da na'urar wasa a jiki ɗaya da sunan N-Gage, amma abin bai karɓu ba, domin taura biyu ba ta taunuwa a lokaci guda: ba ta yi daɗin kira ba, ba ta kuma yi daɗin wasa ba. Sauyi na haƙiƙa ya zo ne da iPhone a 2007, da kasuwar manhajojinta a 2008, da kuma wayoyin Android a wannan shekarar. Daga nan wasanni irin su Angry Birds na 2009 da Candy Crush Saga na 2012 suka mamaye duniya, ko dai a kyauta ko a kan kuɗin da bai taka kara ya karya ba. Wanda a da yake biyan dala talatin ko arba'in don sayen wasa ɗaya, sai ga shi yana samun abin kashe lokaci ba tare da ya ciro ko sisi ba.

Illar ta bayyana nan da nan. Nintendo ya fitar da 3DS a 2011 a kan dala 250, amma kafin ta cika wata shida dole ta sa aka karya farashin zuwa dala 170, shugaban kamfanin na lokacin, Satoru Iwata, kuma ya rage rabin albashinsa. A shekarar kuɗi da ta ƙare a watan Maris na 2012 kamfanin ya tafka asarar fiye da yen biliyan 40. Daga ƙarshe 3DS ta tsaya a wajen miliyan 76, wato rabin cinikin yayarta, aka daina ƙera ta a 2020. Shi kuwa Sony, na'urarsa PlayStation Vita da ta fito a ƙarshen 2011 ba ta taɓa kama ƙafar PSP ba, har aka rufe babinta a 2019. Idan da a nan labarin ya tsaya, da masu hasashen mutuwa sun yi gaskiya.

Sai dai masu iya magana sun ce in kiɗa ya canza, rawa ma sai ta canza. A watan Maris na 2017 Nintendo ya fitar da Switch, na'urar da za a iya jona ta da talabijin a gida, a kuma zare ta a tafi da ita. Maimakon ya ci gaba da ja-in-ja da waya a kan wasannin minti biyar, sai ya koma ga manyan wasanni da mutum zai shafe makonni yana bi, waɗanda a da sai an zauna gaban talabijin. Cinikin Switch ya haura miliyan 150. Ganin haka wasu suka biyo sahu: kamfanin Valve ya fitar da Steam Deck a 2022, wadda ke ɗaukar wasannin kwamfuta, Asus da Lenovo suka fito da nasu a 2023, Sony ya dawo ta bayan gida da PlayStation Portal a wannan shekarar, sannan a 2025 Microsoft ya haɗa kai da Asus aka fitar da na'urar hannu mai ɗauke da sunan Xbox.

Dalilan da suka sa waya ta kasa gamawa da na'urar hannu guda uku ne a iya fahimtata. Na farko shi ne maɓallai. Gilashin waya ba ya ba yatsa amsar da maɓalli ke bayarwa, kuma yatsun mai wasa sukan rufe masa rabin abin da yake kallo. Na biyu shi ne mallakar wasanni. Mario da Zelda da manyan wasannin Pokémon dukiyar Nintendo ce da abokan hulɗarsa, kuma wanda ke son cikakkensu dole ya sayi na'urar kamfanin. Na uku, wanda ya fi sauran muhimmanci, shi ne yadda kowane ɓangare ke samun kuɗinsa.

Mai na'urar hannu yakan biya kuɗin wasa sau ɗaya, ya mallake shi. Yawancin wasannin waya kuwa kyauta ake sauke su, amma banza ba ta kai zomo kasuwa. Kamfanin zai fanshe ne ta hanyar tallace-tallace, ko ta sayar da ƙananan abubuwa a cikin wasan, ko ta akwatunan sa'a, inda mutum zai biya kuɗi bai san abin da zai fito masa ba. Wannan tsari ne ya sa wasannin waya suke kawo kusan rabin kuɗin da masana'antar wasannin bidiyo ke samu a duniya. Shi kansa Nintendo ya ɗanɗana bambancin. A 2016 ya fitar da Super Mario Run a waya, a biya dala goma sau ɗaya. An sauke shi fiye da sau miliyan 200, amma kamfanin ya ce ribar ba ta kai yadda ya so ba. Wasansa na 2017, Fire Emblem Heroes, mai tsarin gwada sa'a, ya kawo kuɗin da ya ninka na Mario nesa ba kusa ba. Ma'ana, a kasuwar waya wanda ya sayar da kaya a fili yana baya, wanda ya ɗana tarko yana gaba.

Hukumomi a wasu ƙasashe sun farga da wannan. A 2018 Beljiyam ta ayyana akwatunan sa'a da ake saye da kuɗi a matsayin caca. A 2019 Hukumar Lafiya ta Duniya ta sanya jarabar wasan bidiyo cikin jerin cututtukan da ta amince da su. A 2021 ƙasar Sin ta taƙaita wa yara 'yan ƙasa da shekara 18 wasan intanet zuwa sa'a uku a mako. A ƙarshen 2022 kuma kamfanin Epic Games, mai wasan Fortnite, ya amince zai biya dala miliyan 520 a Amurka kan zargin keta sirrin yara da yaudarar masu wasa su sayi abin da ba su yi niyya ba. Saboda haka iyaye da yawa a ƙasashen da ke da hali suke ganin gara su sayi na'urar da ba ta da dandalin sada zumunta, su san abin da suka biya, da su miƙa wa yaro waya mai buɗaɗɗiyar ƙofa.

Duk da haka, kada a ɗauka na'urar hannu ta tsira ke nan har abada. Farashinta yana hawa: Game Boy ta fito a kan dala 90, Switch a kan dala 300, Switch 2 a kan dala 450, sabon wasan tseren motocin Mario kuma dala 80. Harajin shigo da kaya da Shugaba Trump ya sanar a watan Afrilu na 2025 ya sa har sai da Nintendo ya ɗage karɓar odar farko a Amurka. A ɗaya ɓangaren wayoyi suna ƙara ƙarfi, har a 2023 aka fara sanya manyan wasannin na'ura irin su Resident Evil Village a kan iPhone, ga kuma maɓallan da ake maƙala wa waya. Akwai kuma fasahar sarrafa wasa daga wata babbar kwamfuta mai nisa ta intanet, kodayake Google ya gwada da Stadia a 2019 ya rufe a farkon 2023. Abin da nake hange shi ne na'urar hannu za ta ci gaba da rayuwa, amma a matsayin kayan masu hali da masu tsananin sha'awa, waya kuma ta riƙe talakawan duniya.

A ƙasar Hausa kuwa, alƙalami ya riga ya bushe. A farashin canji na 2025, dala 450 ta haura Naira dubu 600, wato fiye da albashin wata takwas na mai karɓar mafi ƙarancin albashi na Naira dubu 70 da aka amince da shi a 2024, kuma wasa ɗaya na dala 80 ya fi albashin wata guda. Wanda ya zagaya kasuwar waya ta Farm Centre a Kano ya san Tecno da Itel da Infinix ne ke hannun jama'a. Matasanmu sun san wasan bidiyo ne ta gidajen gem na unguwa, inda ake biyan kuɗi a buga ƙwallo, da kuma ta waya. Ke nan tsarin da ya iso mana shi ne mai tarkon, ba tare da kariyar da wasu ƙasashe suka gina ba. Tun da Kotun Ƙoli ta yanke hukunci a watan Nuwamba na 2024 cewa harkar caca hurumin jihohi ce, ya kamata majalisun jihohinmu da hukumominmu su gane cewa rufe shagunan caca kaɗai bai wadatar ba, domin wani nau'in cacar yana cikin wasan da yaro ke yi a ɗakin mahaifiyarsa. Iyaye kuma su koyi kulle sayayya a wayoyinsu, su riƙa duba shekarun da aka ƙayyade wa kowane wasa, su kuma yanke wa yara lokaci.

Akwai kuma batun harshe, wanda ba a cika tada shi ba. Manyan kamfanoni suna fassara wasanninsu zuwa harsunan Turai da na gabashin Asiya, babu Hausa a ciki, kuma ba za a sa ta ba muddin ba mu zama kasuwar da za a yi zawarci ba. Yaron da ya shafe sa'o'i a kullum yana karɓar umarni da yabo da zargi cikin wani harshe, a hankali wannan harshen ne zai zame masa na nishaɗi da tunani, nasa kuma ya koma na aike da gaisuwa. A nan ne nasarar waya za ta iya zama alheri gare mu. Rajistar mai sanya manhaja a kasuwar Google dala 25 ce, sau ɗaya, kuma kamfanoni irin su Maliyo Games na Legas da Kiro'o Games na Kamaru sun nuna cewa ɗan Afirka zai iya gina wasa daga labaran gida. Muna da dara da langa da dambe da kokawa, muna da Gizo da Ƙoƙi, muna da tarihin Bayajida da na Sarauniya Amina. Masana'antar finafinan Hausa ta taso ne a wajen 1990 saboda kyamarar bidiyo da kaset sun yi araha, ba don wani ya kawo mana jari daga waje ba.

Don haka ina kira ga sassan koyar da kwamfuta da na harsunan Nijeriya a jami'o'inmu da su haɗa ɗalibansu a kan ayyukan kammala karatu na wannan fanni, mai rubuta manhaja ya zauna da mai nazarin tatsuniya, a samar da wasanni da kalmomin da za a buga su da su. 'Yan kasuwarmu kuma su daina kallon abin a matsayin shiriritar yara, tun da asusun zuba jari na Saudiyya, ta hannun wani kamfaninsa, ya biya dala biliyan uku da rabi a 2025 don mallakar Pokémon Go da 'yan uwansa. Allah Ya ba mu ikon gyarawa, Ya shirya mana zuriya.