Na'urar Ƙayyade Gudun Keken Ɗinki Ba Lalaci Ba Ce

A Amurka, masu ɗinkin bargo mai hawa uku sukan sauke haƙoran keken lantarki, su riƙa sarrafa yadi da hannu. Tsawon ɗinki ya dogara ke nan ga jituwar hannu da ƙafa. In allura na suka 600 a minti, hannu na jan santimita 120, kowane ɗinki milimita 2 ne; ƙafa ta ninka gudu, ya koma 1.

Masu cewa na'urar ƙayyade gudu lalaci ce sun yi kuskure. Ƙwaƙwalwar ɗan koyo takan sha wuya wajen lura da sababbin ayyuka biyu lokaci guda. Na'urar ta hutar da ƙafa, sai hannu ya ƙware. Ya kamata makarantun koyon sana'a su tanade ta, kafin ɗalibai su ɓata yadi su karaya.