Wa Zai Nuna Wa 'Yan Makaranta Ƙofar Sana'ar Kwamfuta?

A hutun da ya wuce na ziyarci wata makarantar sakandare da ke arewacin Kogin Kaduna, inda ƙanwata take karatu. Malamin Hausa na makarantar ya ba ni ɗan lokaci in yi wa ɗalibansa bayani a kan zaman jami'a. Da na ƙare sai na tambaye su, shin wane aiki ne wanda ya karanta ilmin kwamfuta yake yi? Wani ya ce buga takardu a shago, wata ta ce yi wa mutane rajistar jarrabawa, na uku kuwa ya ce gyaran waya. Daga nan aji ya yi tsit. Wannan shiru shi ne dalilin rubuta wannan maƙala, domin a ganina laifinsa yana wuyanmu mu da muka riga su zuwa jami'a.

Duk wanda ya san tarihin Kaduna ya san gari ne da aiki ya raya. An buɗe masaƙar farko a Kakuri a 1957, kamfanin harhaɗa motocin Peugeot ya biyo baya a 1975, sa'an nan matatar mai a 1980. A wancan zamani yaron Kawo ko Unguwar Shanu ba ya bukatar kowa ya gaya masa mene ne aikin masana'anta, don kuwa kullum da asuba yana ganin mahaifinsa ya hau keke ya nufi gada. Masaƙar farkon nan ta rufe a 2002, wata babba kuma ta bi sahunta a 2007, dubban magidanta suka dawo gida. Ayyukan da suka bunƙasa bayan haka yawancinsu a cikin ɗaki ake yin su, a gaban na'ura, inda idon yaro ba ya kaiwa. Abin da ido bai gani ba kuwa, da wuya zuciya ta yi sha'awarsa.

Abin mamaki shi ne, a wannan ɓangare na gari ne cibiyoyin ilmin fasaha suke. Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Kaduna, wadda tushenta ya faro tun 1956, tana Tudun Wada. Hukumar kula da ilmin fasaha ta ƙasa, wadda aka kafa a 1977, a Kaduna hedkwatarta take. Jami'ar Jihar Kaduna kuma an kafa ta a 2004. Yaran Malali da Badarawa da Unguwar Rimi suna wuce ƙofofin waɗannan wurare a cikin Keke Napep, amma ƙalilan ne daga cikinsu aka taɓa kama hannunsu aka shiga da su.

Ya kamata yaro ya san cewa sana'ar kwamfuta gida ce mai ɗakuna da yawa. Akwai mai rubuta manhaja, watau wanda yake jera wa na'ura umarni ɗaya bayan ɗaya har ta iya aika kuɗi daga waya zuwa waya. Akwai mai shimfiɗa hanyoyin sadarwa da kula da su, wanda in ya yi sakaci banki ya tsaya cik. Akwai mai tsaron bayanai, wanda aikinsa toshe kafar ɓarayin zamani. Akwai mai nazarin alƙaluma, wanda zai dubi rajistar asibitoci ya gane unguwar da cuta ta fara yaɗuwa. Akwai kuma mai tsara fuskar manhaja yadda tsohuwar da ba ta yi boko ba za ta iya amfani da ita. Kowane ɗaya daga cikin waɗannan yana da darussan da ake tsayawa a kansu tun daga sakandare, musamman lissafi.

A nan ne maganar lokaci ta shigo. Da zarar ɗalibi ya gama aji uku na ƙaramar sakandare, akan raba su zuwa ɓangaren kimiyya ko fasahar adabi ko kasuwanci. Yaro ɗan shekara goma sha huɗu yakan yi wannan zaɓi ne bisa ga inda abokinsa ya nufa, ko kuwa don gudun malamin lissafi. In an zo masa da labarin sana'ar kwamfuta yana aji shida, to an makara, don ya riga ya bar darussan da za su kai shi. Bahaushe ya ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi. Saboda haka a aji biyu da aji uku ne ya dace a fara wannan aiki.

Bugu da ƙari, hukumar JAMB ta fara jarrabawa da kwamfuta a 2013, ta kuma mai da ita dole ga kowa a 2015. Ƙanwata tana da ƙawar da ba ta taɓa zama gaban kwamfuta ba sai ana saura mako biyu jarrabawa. Wanda haɗuwarsa ta farko da na'ura ta kasance a ɗakin jarrabawa, hannu na rawa, yaya za a yi ya ɗauke ta abokiyar neman abinci?

Na san akwai masu cewa babu wutar lantarki, babu kuɗin sayen na'urori. Gaskiya ne, amma nuna wa yaro hanya ba ya cin kuɗi da yawa. Mota guda ta ishi a kai aji ɗaya ɗakin kwamfuta na kwaleji su wuni. Tushen ilmin kansa, watau warware matsala daki-daki, da alli da allo ake fara koyar da shi. Wasu iyaye kuma suna tsoron kada 'ya'yansu su zama 'yan damfarar intanet, ko 'ya'ya mata su lalace. Wannan tsoro yana da dalili, sai dai wayar tana hannun yaran ko mun so ko mun ƙi. Yaron da ya san akwai halak a cikin na'ura ya fi wanda bai san komai ba sai hira samun kariya.

Masu cewa wannan ilmi na Turawa ne kuwa, sai mu tuna musu cewa kalmar algoridim, wadda ita ce ginshiƙin fannin, daga sunan Alkhawarizmi aka samo ta, malamin lissafin da ya yi zamani a Bagadaza a ƙarni na 9. A nan gida ma, Muhammadu ɗan Muhammadu Alkatsinawi ya yi rubutu a kan lissafin hatimi a 1732, ya kuma rasu a Alƙahira a 1741. Yaron da ya ji wannan ba zai shiga fannin yana jin kansa baƙo ba.

To, ina ruwan ɗalibin Hausa da wannan magana? Ruwansa ya yi tsaki. Da farko, yaran da na gana da su sun fi sakin jiki su yi tambaya da Hausa, kuma mu ne muka koyi dabarun fassara da ƙirƙirar kalmomi. Na biyu, harshen kansa ya zama fagen aiki. Tun 2013 manhajar fassara ta Google ta ɗauki Hausa, amma na'ura ba ta iya koyon harshe sai da rubutu mai yawa mai inganci, kuma muddin ana rubuta baƙi kamar baki, ko ƙafa kamar kafa, to gurguwar Hausa za ta koya. Ke nan ko yaron da ya zaɓi ɓangaren adabi yana da gurbi a wannan sana'a, in an nuna masa.

Don haka ina ba da shawarwari uku. Ƙungiyarmu ta ɗaliban Hausa ta haɗa kai da ɗaliban sashen kwamfuta, a riƙa zagaya ƙananan sakandare lokacin hutu, su su kawo ilmi, mu mu kawo harshe, a kuma tabbatar akwai ɗalibai mata a cikin tawagar don 'yan mata su ga irinsu. Malamanmu su taimaka a tsara ɗan littafi na kalmomin kwamfuta da bayanin sana'o'inta cikin Hausa mai sauƙi. Shugabannin makarantu kuma su ɗauki darasi daga kasuwar Panteka, inda yaro yake koyon walda da ƙira ta hanyar tsayawa kusa da mai gida yana kallo, su nemi masu aikin kwamfuta na gari su karɓi ɗalibai ko da na mako guda ne.

Daga ƙarshe, ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai, duk wanda ya koma gida hutu ya nemi makarantar da ta yaye shi, ya roƙi minti ashirin, ya yi wa yara tambayar da na yi. In amsar ta tsaya a buga takardu da gyaran waya, to ya san akwai aiki a gabansa. Allah ya sa mu dace, amin.