Gona da rijiya ga 'yan gudun hijirar Sudan

Tun ɓarkewar yaƙin Sudan a Afrilun 2023, ɗaruruwan dubban mutane, akasari mata da yara, suka tsallaka zuwa gabashin Chadi ta garin Adre, inda suka tarar da 'yan Darfur da suka gudo tun 2003 har yanzu suna bin layin rabon dawa a sansanoni irin Farshana. Sake tsugunarwa, wato kai iyali ƙasa ta uku domin zaman dindindin, ba ta samun ko mutum ɗaya cikin ɗari na 'yan gudun hijirar duniya a shekara, don haka yawancin 'yan Sudan ɗin a Chadi za su daɗe. Tunda dokar Chadi ta 2020 ta ba su izinin aiki, wajibi ne masu tallafi su zuba kuɗi a gonaki da rijiyoyi da makarantu.