An Bar Jaki Ana Dukan Taiki

Jama'a, zancenmu na wannan mako a kan matatar ruwan sha ne, irin wadda a ke ɗaurawa a ɗakin girki, masu sayarwa na kiranta RO. Kukan da na fi ji daga waɗanda suka saye ta ɗaya ne. Da fari ruwa na zuba har ya cika buta nan da nan, bayan 'yan watanni sai ya koma ɗiga kamar hawaye. Daga nan wani ya kira mai gyara ya ce a sake masa tantanin da ke ciki, wanda ya fi sauran kayan tsada. Wani kuwa ya yi fushi, ya mai da iyalinsa ga shan ruwan da bai san asalinsa ba, alhali kwalara da taifot ba su da wata ƙofa da ta fi wannan. Abin da na ke so in nuna muku shi ne, sau da yawa tantanin nan ba shi da laifi, an bar jaki ne ana dukan taiki.

Kafin a yi maganin cuta sai a san jikin mai ita. Zuciyar matatar nan wani tantani ne siriri, an naɗe shi kamar tabarma an cusa cikin kwaroro. Waɗansu masana biyu, Sidney Loeb da Srinivasa Sourirajan, su suka fara yin irinsa mai amfani a Jami'ar Kalifoniya ta Amurka wajen shekarar 1960. Ruwa ba ya ratsa shi don ganin dama, sai an tura shi da ƙarfi, sa'an nan zallar ruwan ta wuce, gishiri da sauran abin da ya narke a ciki su tsaya, a kore su ta wani tiyo zuwa magudana. Aikin kuwa na haƙuri ne. Tantanin da aka rubuta masa galan 50 a kwana guda, watau wajen lita 190, abin da ya ke bayarwa bai wuce lita 8 a awa ba. Shi ya sa a ke haɗa matatar da ɗan tanki, ta riƙa tara ruwa sannu a hankali kafin a buƙata.

To, ga gwajin da ya kamata a fara da shi, ba ya cin ko kwabo. Ka rufe makunnin da ke kan ɗan tankin, ka buɗe kan famfon matatar, ka tara moɗa. Abin da ya fito yanzu daga tantanin ya ke kai tsaye. In rabin lita ta taru cikin minti 4 ko abin da ya ɗara haka kaɗan, lalle tantaninka na da lafiya, sai ka tuhumi ɗan tankin. In kuwa ka daɗe kana jira moɗa ba ta ko jiƙe ba, to, wani abu ne ke hana ruwa isa gare shi da ƙarfi.

Mu fara da ɗan tankin. A cikinsa akwai jakar roba, gefe guda ruwa, gefe guda iska, iskar ce ke turo ruwan waje. Ka rufe ruwan da ke shigowa matatar, ka buɗe kan famfo har ya daina zuba, sa'an nan ka ɗaga tankin. In ka ji shi da nauyi, ruwa na nan ciki, iskar da za ta turo shi ce ta sulale. A jikinsa akwai bawul irin na tayar keke. Ka sa famfon keke ka buga sannu sannu, kan famfo na buɗe, har ruwan ya fita ƙaf, sa'an nan ka daidaita iskar a wajen 7 na awon da a ke auna taya da shi, wanda a ke rubuta psi. Kada ka zarce, don iska in ta yi yawa sai ta tare wurin ruwa. Amma in ka danna bawul ɗin ka ga ruwa ya fito, jakar ta fashe ke nan, sai sabon tanki.

In laifin ba na tanki ba ne, sai a duba ƙarfin ruwan gidan, nan ne kuwa mu mutanen ƙasar nan mu ke faɗuwa. An ƙera yawancin matatun nan don ruwan da ƙarfinsa ya kai 40 zuwa 60 na awon nan. Mu kuwa ruwanmu daga babban tankin da ke bisa ƙarafa ya ke gangarowa, kowace mita 10 ta tsawo kuma 14 kaɗai ta ke bayarwa. Watau sai ka ɗora tankinka bisa mita 28 kafin ka sami 40. Wane gida ke da wannan? Maganin shi ne ɗan injin ƙara ƙarfin ruwa. Waɗansu matatun na zuwa da nasu, sai a saurara a ji ko yana motsi, gama in ya mutu ko babu wuta, matata ta kwanta. A bi tiyo ɗaya ɗaya kuma, ko wani ya lanƙwashe a bayan tukwane, ko an bar wani makunni rabi a rufe.

Bayan wannan sai masu gadin ƙofa, watau matacin laka da matacin gawayi, waɗanda ruwa ke bi kafin ya kai ga tantani. Ƙa'idarsu a sake su kowane wata 6 zuwa 12, amma mai ruwan rijiya ko na burtsatse mai yashi, musamman da damina, nasa ba ya kai haka. In ka kwance ka ga farin mataci ya koma launin jar ƙasa, ka kama ɓarawonka. Kada kuma a raina na gawayi, shi ke tsare sinadarin kulorin da a ke sa wa ruwan gari, wanda in ya kai ga tantani sai ya cinye shi.

Akwai kuma abin da ba cuta ba ne, yanayi ne. Awon da aka rubuta a jikin tantani na ruwa ne mai ɗumin digiri 25. Kowane digiri guda da ruwa ya yi sanyi, abin da ke fitowa na raguwa da wajen kashi 3 cikin 100. Saboda haka da hunturu, in ruwan tanki ya sauko 15, kusan sulusi ya tafi. Bazara na zuwa zai komo da kansa.

Wani gargaɗi kuma ga masu tsimi. Kowace lita guda da ka sha, wajen 3 ko 4 na tafiya magudana, waɗansu sai su ji zafin asara su toshe tiyon. Wannan kisan tantani ne, don ruwan nan shi ke wanke masa gishiri da farar ƙasa, irin wadda ku ke gani ta daskare a gindin tukunyar dafa ruwa. Gara a tara shi a bokiti a yi shara da wankin bayan gida.

Sai an bi duk waɗannan tukuna a ke zuwa kan tantani. Shekara 2 zuwa 3 ya kan yi. Akwai ɗan ma'auni mai kama da alƙalami da a ke tsomawa a ruwa ya nuna yawan abin da ya narke a ciki. Ka auna ruwan shiga da na fita. Tantani mai lafiya ya kan rage kashi 90 cikin 100 ko fiye. In ya kasa haka ƙwarai, ko kuwa ga ƙarfin ruwa, ga sababbin matatai, amma ruwa bai ƙaru ba, to, ya tsufa, a sake shi ba da-na-sani.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza, haka kuma ba ya raguwa banza. Wanda ya bi sawu daga mai arha zuwa mai tsada zai tsira da kuɗinsa. Kafin a gama gyara kuwa, ina roƙon masu gida da uwayen gida, duk ruwan da ba ku amince da shi ba a tafasa shi kafin yara su sha.

Sai mako mai zuwa, in muna da rai.